Shurin libarba: abin da bidiyon Amurkawa ba ya nunawa

Akwai wani irin bidiyo da ba ya ƙarewa a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp. Abokai ne a wani fili a karkarar Amurka, an jera gwangwanaye ko kankana a kan katako, sai a miƙa wa ɗayansu wata ƙatuwar libarba mai tsawon kusan kamu guda. Yana jan kunama sai bindigar ta yi sama, ko dai ta fasa masa goshi, ko ta suɓuce ta faɗa bayansa, sauran kuma su kwashe da dariya. Daga nan sai gardama ta kaure a tsakaninmu. Wani ya ce lusari aka ba, da namijin duniya ne ko gezau ba zai yi ba. Wani ya ce ai irin wannan bindiga in ta sami mutum sai ta ɗaga shi cak ta maka da bango. Wani kuma ya tayar da tsohuwar maganar nan, cewa mu ma a bar kowa ya mallaki bindiga kamar yadda ake yi a can.

Maganar ɗaga mutum a maka da bango ce ta fi ba ni takaici, domin ita ce uwar sauran. Finafinai ne suka dasa ta, ta sa ana auna ƙarfin bindiga ta gefen da bakinta yake kallo kaɗai, an manta da wanda yake riƙe da ita.

Manyan libarbobi ba baƙi ba ne a Amurka. Samuel Colt ya yi rajistar ƙirarsa a 1836, kuma a 1847 ya ƙera wa mayaƙan dawaki wata mai suna Walker, mai nauyin kilo 2. Amma irin da ake wasa da su a yau sun samo asali ne daga Elmer Keith, wani makiyayi kuma marubuci a jihar Idaho, wanda ya yi shekaru yana ƙara wa harsasansa albarushi, yana kuma matsa wa kamfanoni lamba su ƙera bindigar da za ta jure. Remington da Smith & Wesson suka amsa kira, aka fito da .44 Magnum a tsakanin 1955 da 1956. Mafarauta ne kasuwarta, har fim ɗin Dirty Harry ya fito a 1971, inda Clint Eastwood ya fito a ɗan sanda yana yi mata kirari cewa duk duniya babu ƙaramar bindiga da ta kai ta ƙarfi. Nan take mutanen da ba su taɓa shiga daji ba suka yi ta rububinta, har ta yi wuyar samu a kantuna. Daga nan aka shiga tsere. Kamfanin Freedom Arms ya kawo .454 Casull kasuwa a 1983, sannan a 2003 Smith & Wesson ya fito da Model 500, wadda aka fi gani a bidiyon. Kaurin harsashinta rabin inci ne cif, wato milimita 12.7, kuma ba banza aka tsaya a nan ba. A dokar tarayyar Amurka, bindigar da faɗin bututunta ya wuce rabin inci tana shiga rukunin makaman ɓarna masu tsauraran sharuɗɗa, sai fa in an keɓe ta a matsayin ta farauta ko ta wasa.

Ƙarfin ba ƙarya ba ne. Harsashin da aka saba saka wa Model 500 yana da nauyin kusan giram 23, yana fita da gudun mita 550 ko kusa da haka a daƙiƙa guda. Na AK-47 giram 8 ne kacal, ko da yake ya fi shi gudu. In aka yi lissafi, kuzarin da harsashin libarbar ke ɗauke da shi a bakin bututu ya fi na AK-47 da sama da rabi, ya kuma ninka na fistol ɗin 'yan sanda mai milimita 9 kusan sau shida. Shi ya sa ake farautar barewa da aladen daji da ita, masu yawo a dazuzzukan Alaska kuma suke rataye irinta saboda beyar.

To, in haka ne, me zai hana ta ɗaga mutum sama? Duk wanda ya taɓa yin tsalle daga ƙaramin kwale-kwale zuwa gaɓa ya san amsar a ƙafarsa. Kana tura jikinka gaba, kwale-kwalen yana zillewa baya, kuma turin guda ne, bai fi yawa a wani gefe ba. In kwale-kwalen ƙarami ne sai ya yi baya da gudu, in babban jirgin fito ne mai ɗauke da buhuna, da ƙyar ka ga ya motsa. Yanzu a ce ba a gaɓa ka sauka ba, a cikin wani kwale-kwalen ka dira. Iyakar turin da za ka yi masa shi ne wanda ka yi wa na farko, ba ka da wani ƙari da ka samo a iska. Harsashi shi ne mai tsallen, bindiga da mai riƙe da ita su ne kwale-kwalen farko, abin da aka harba kuma shi ne na biyu. Saboda haka harsashin da zai iya ɗaga wanda aka harba ya jefar, tilas ya fara jefar da wanda ya harba shi. A gaskiya ma mai harbin ne ya fi shan turin, domin iskar albarushin da ke biyo bayan harsashi ita ma tana tura bindigar baya, shi kuma harsashin yana rage gudu a hanya.

Lissafin ba wuya. Turin harsashi mai giram 23 a gudun mita 550, in ya koma kan bindiga mai kilo 2, zai mayar da ita baya da gudun sama da mita 6 a daƙiƙa. Wannan shi ne shurin da ke fasa goshi. Amma in turin nan duka ya ƙare a jikin mutum mai kilo 70, zai gusar da shi da gudun da bai kai santimita 20 a daƙiƙa ba, wato ko kashi ɗaya cikin biyar na saurin mai tafiya a ƙafa bai kai ba. Harsashi yana kisa ne saboda ya tattara kuzarinsa a wuri ɗan mitsitsi, ya keta nama da ƙashi da jijiya. Wanda aka harba yana faɗuwa ne don rauni ko firgita. Wanda kuke gani yana tashi sama a fim, igiya ce aka ɗaura masa a ƙugu ana fizga.

Wannan lissafin ne kuma ya rushe zancen jarumta. An yi Model 500 da nauyi ne da gangan, aka kuma huda ramuka a kusa da bakinta don iskar albarushi ta fita sama ta danne shi, duk don a sassauta wa hannu. Kamfanin dai yana da wata .44 Magnum mai suna 329PD wadda ba ta kai kilo guda ba. Harsashinta bai kai na babbar ƙarfi ba, amma saboda rashin nauyi tana komowa tafin hannu da saurin da ya kai na babbar ko ya wuce. Sannan bututun libarba yana sama da inda ake riƙe ta, don haka turin ba ya tafiya baya kai tsaye, juya bindigar yake yi a wuyan hannu, bakin ya ɗaga sama. Wanda ya san haka yana damƙe ta da hannu biyu, ya karkata jikinsa gaba, ya bar kafaɗa da gwiwar hannu su shanye bugun. Mace siririya da aka koya wa tsayuwa ta fi ƙato marar horo iya riƙe ta.

Haɗarin da ya fi muni a nan yake. Idan bindigar ta yi shuri a hannun sabon shiga, yatsansa yakan saki kunama, sai kuma tsoron kada ta faɗi ya sa ya sake damƙewa da ƙarfi. Wannan damƙar tana iya sake jan kunama alhali bakin bindiga ya riga ya juyo sama ko baya. Shi ya sa masu hankali ba sa saka wa baƙo harsashi fiye da ɗaya, duk da cewa gangar Model 500 mai juyawa tana cin biyar. A watan Agustan 2014, a wani filin harbi a jihar Arizona, an ba wata yarinya 'yar shekara 9 bindigar Uzi mai sarrafa kanta, shuri ya ɗaga bakin, harsashi ya kashe malamin da ke tsaye a gefenta. Bindigar daban ce, amma ganganci iri ɗaya ne da na abokin da ke cika ganga, ya miƙa wa wanda bai sani ba, ya koma gefe ya ɗaga waya.

Akwai wasu illolin da kyamara ba ta ɗauka. Tsakanin gangar da ke juyawa da bututu akwai 'yar tazara siririya, kuma ta nan wuta da iska ke fesowa gefe. Matsin da ke cikin .500 yakan kai ninki dubu huɗu na matsin iskar da muke shaƙa, don haka babban yatsan da ya kuskura ya leƙa kusa da wannan tazara yana iya tsagewa har ƙashi. Sai kunne. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa desibel 140 a matsayin iyakar ƙarar farat ɗaya, manyan libarbobi kuwa suna wuce 160. Ƙwayoyin ji na can cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa, shi ya sa tsofaffin maharba da yawa ke fama da kurumta da shuwar kunne, na yanzu kuma suke cusa abin toshe kunne sannan su kifa wani a sama. Sai dalma, wadda ke jikin harsashi da kuma cikin maganin da ke tayar da albarushi. Ƙurarta tana bin hannu da tufafi har gida, ta sami yara. Mu da muka ga yadda ƙurar dalma daga dutsen zinariya ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani a kan wannan.

Me kuma ke kai mutum filin harbi ranar Asabar, in ba burga ba? Mafi yawan masu wannan sha'awa saiti ne damuwarsu. Akwai gasar da ta samo asali daga Meziko, inda a da ake ɗaure dabbobi masu rai a harba lokacin bukukuwa, daga baya aka koma yanka siffarsu da ƙarfe. A 1976 aka kafa ƙungiyar IHMSA a Amurka don masu yin ta da ƙananan bindigogi. Ana jera kaza a mita 50, alade a mita 100, talotalo a mita 150, rago a mita 200, kuma ba a ba ka maki sai ƙarfen ya faɗi. Ragon nan ya ɗan haura kilo 20, ga shi a tsaye bisa siraran ƙafafu, amma .44 Magnum kan same shi ya yi ƙara kawai ya tsaya daram. In ma ya faɗi, kifewa yake yi a hankali, ba ya tashi sama.

Babban abokin gaban mai saiti shi ne zabura. Jiki ya san shuri na zuwa, sai ya riga shi, ya danna bakin bindiga ƙasa kafin harsashi ya fita. A nan abokantaka ke da rana. Aboki zai karɓi libarbar ya saka harsasai a wasu ramukan ya bar wasu wayam, ya miƙo maka ba ka san tsarin ba. Kana jan kunama a kan ramin da babu komai, sai kowa ya ga bakin bindigarka ya dunguri ƙasa, babu sauran musu. Da yawa ma ba sa ɓata kuɗi da wuyan hannu a kan harsashi mai zafi, sai su saka .44 Special a bindigar .44 Magnum, wanda ya fi sauƙin shuri da farashi. A kan duka wannan akwai ƙa'idoji huɗu da Jeff Cooper, wanda ya kafa makarantar harbi a Arizona a 1976, ya yaɗa: a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada a nuna bakinta ga abin da ba a shirya hallakawa ba, yatsa ya nisanci kunama sai an gama saiti, kuma a san abin da ake harbi da abin da ke bayansa.

Masu cewa a yi kamar Amurka su sani ko a can ba sakaka abin yake ba. Dillali mai lasisi ba ya sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba ƙaramar bindiga, kuma tun 1998 ana duba sunan mai saye a rumbun bayanan hukuma. Duk da haka, ƙasar da aka ƙiyasta a 2017 cewa fararen hularta na riƙe da bindigogi kusan miliyan 393 ta yi asarar mutum 48,830 ta bakin bindiga a 2021, fiye da rabinsu kashe kansu suka yi. Ba manyan libarbobin wasa ne ke wannan ɓarna ba, sun yi nauyi, sun yi tsada. Ƙananan fistol ne masu shiga aljihu suka fi yawa a hannun masu laifi.

A Nijeriya, dokar bindigogi ta 1959 ta sa libarba da fistol a rukunin haramtattu, ba a riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Lokacin da gwamnatin Zamfara ta ce a watan Yunin 2022 jama'a su nemi bindiga su kare kansu, muhawarar ta tsaya ne a kan wa ke da hurumin ba da izini. Su wa za su koyar, a ina za a koya, a ina za a adana makamin a gida mai cike da yara, waɗannan tambayoyi ba su sami shiga ba. Ga shi har yanzu a wasu bukukuwan aure da naɗin sarauta ana harba bindiga sama don murna, wani lokaci ma masu kaki ne ke yi, alhali harsashin da ya tashi a karkace yana saukowa da ƙarfin da zai huda kai. Hukumar da ba ta iya hana nata ma'aikatan wannan ba, ya kamata ta fara da su kafin ta kira sauran jama'a su ɗauki makami.