Gargaɗi ga Masu Shirin Sayar da Abinci a Mota a Gonin Gora

Jama'a, a yi hattara! Duk mai shirin mayar da bas ko a-kori-kura ko Keke Napep wurin dafa abinci da sayarwa a bakin titin Kaduna zuwa Abuja, ya dakata da sayen tukwane, ya fara yin lissafin inshora. Da yawa naira 15,000 suke warewa su wuce, alhali wannan kuɗin motar gida ne, ba na motar sana'a ba.

Tun ranar 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta sa farashin inshorar dole: motar gida 15,000, motar da ke ɗaukar kayan mai ita 20,000, Keke Napep 5,000 a shekara. Daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka tsananta bincikenta a kan hanya. To amma wannan takarda wanda ka buge take biya, ko mai motar da ka fasa wa fitila. Ba ruwanta da taka motar. Tukunyar gas ta fashe, firji da janareta suka ƙone, ko sisi ba za ka gani ba. Tirela ta ƙwace ta murƙushe ka inda ka ajiye mota, sai dai ka bi mai tirelar, in an yi sa'a tasa takardar ta gaske ce.

Wadda ke biyan motarka ita ce cikakkiyar inshora, kuma a ƙa'idar hukumar kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Ɗauka motar ta kai naira miliyan 6: ka tanadi aƙalla 300,000 a shekara, wato 25,000 duk wata, tun kafin a zo maganar gas da shinkafa da albashin yara. In cinikin da kake hange ba zai ɗauki wannan ba, gara ka sani yau.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne ɓoye gaskiya. Mutum ya cire kujeru, ya kafa murhu da tukwanen gas biyu, amma a takarda ya bar ta a matsayin motar gida don kuɗin ya yi sauƙi. Ranar gobara kamfani zai turo mai duba ɓarna, ya ga murhu, ya ce ba wannan motar ya yi wa inshora ba, kuma doka na bayansa. Ka faɗi komai, a rubuta kayan girkin ɗaya bayan ɗaya da kuɗinsu, ka adana rasit da hotuna.

Ka kuma tambaya da bakinka: in abinci ya ɓata wa mai saye ciki, ko man suya ya ƙona wani, wa zai biya? Wannan inshora ce daban. Haka ɓarnar tarzoma, galibi ba ta ciki sai an ƙara ta da ƙarin kuɗi, kuma wanda ya zauna Kaduna ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mai ƙyamar kuɗin ruwa ya nemi kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, irin su Jaiz da Noor.

Sannan a guji 'yan kamasho masu tare mutane a ƙofar ofishin lasisi da takarda mai araha. Jabu ta yi yawa a kasuwa. Kada ka bar wurin sai ka danna *565*11# a wayarka, ka sa lambar motar. In ba ta fito a rumbun bayanan kamfanonin inshora ba, ka karɓi kuɗinka nan take. Ka nemi farashi a rubuce daga kamfanoni biyu ko uku masu rajista da NAICOM, ka sa a karanta maka shafin abubuwan da ba sa biya kafin ka sa hannu.