Gyaran Kuɗin Makarantu A Mishigan: Harajin Gidaje Ya Sauka, Na Ciniki Ya Hau

A watan Maris na 1993, gundumar Kalkaska da ke arewacin jihar Mishigan ta Amurka ta rufe makarantunta fiye da wata biyu kafin ƙarshen shekarar karatu, bayan da mazauna yankin suka ƙi amincewa da ƙarin haraji. A wancan lokaci, harajin kadarori, wato na gidaje da shaguna da filaye, shi ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin makarantun gwamnati a jihar. Gundumar da ke da masana'antu da gidaje masu tsada kan tara kuɗi mai yawa cikin sauƙi, yayin da matalauciyar gunduma ke tsananta wa jama'arta haraji amma kuɗin bai isa ba.

A watan Yuli na wannan shekara, majalisar dokokin jihar ta soke amfani da harajin kadarori wajen tafiyar da makarantu, ba tare da ta tanadi abin da zai maye gurbinsa ba, Gwamna John Engler kuma ya sa hannu. Wannan mataki ya tilasta neman mafita cikin gaggawa. Ranar 15 ga Maris, 1994, masu zaɓe suka amince da ƙudurin da aka fi sani da Proposal A. Harajin saye da sayarwa ya tashi daga kashi 4 zuwa kashi 6 cikin ɗari, na kwalin sigari kuma daga santi 25 zuwa 75.

Masu gidaje ne suka fi cin moriyar gyaran. Kafin sa, matsakaicin harajin makaranta ya kai kimanin dala 34 a kan kowace dala 1,000 ta ƙimar da hukuma ta yi wa kadara, wadda a jihar rabin farashin kasuwa ce. Bayan sa, gidan da mutum ke zaune a ciki ya koma biyan dala 6, shaguna da masana'antu da gidajen haya kuwa har zuwa dala 24. Ke nan gida mai darajar dala 100,000 da ke biyan kimanin dala 1,700 a shekara ya koma 300, amma shago mai daraja ɗaya da shi ya tsaya a 1,200. Ɗan kasuwa ya sami rangwame kaɗan, ga kuma ƙarin haraji a kan hajarsa.

Dokar ta kuma ƙayyade cewa ƙimar da ake lissafa haraji a kanta ba za ta ƙaru a shekara fiye da kashi 5 cikin ɗari ko gwargwadon hauhawar farashi ba, a ɗauki mafi ƙanƙanta. Sai dai da zarar an sayar da kadara, ƙimar kan koma daidai da rabin farashin kasuwa. Shi ya sa maƙwabta biyu masu gida iri ɗaya kan biya haraji mabambanci: wanda ya daɗe yana biyan kaɗan, sabon shiga yana biyan da yawa.

Ta fuskar ilimi, gundumomi matalauta sun sami ƙarin kuɗi, domin jiha ta tsayar da mafi ƙarancin abin da za a kashe wa kowane ɗalibi. Amma ikon kuɗin ya koma hannun jiha, kuma ya dogara da ciniki. Lokacin da masana'antar motoci ta shiga mawuyacin hali a 2008 da 2009, kuɗin shiga ya ragu, makarantu suka ji a jikinsu, gundumomi kuma ba su da damar ƙara harajin gidaje don cike giɓin.