Maƙoƙo da Aikin Likita

Da hutun da ya wuce na raka gwaggona asibiti. Ta daɗe tana fama da maƙoƙo, har ya kai in ta kwanta rigingine numfashi ya kan yi mata wuya. Abin da na koya can na ke so in gaya wa 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, gama in mun fita ƙauyuka mu za a riƙa tambaya.

A gaban wuyan kowane mutum akwai wani ɗan nama mai ɓari biyu, dama da hagu, likitoci suna ce da shi tayirod. Shi ke yin wani ruwa mai tafiyar da ƙarfin jiki da ɗuminsa. Ba ya iya wannan aiki sai da aidin. In aidin ya yi ƙaranci cikin abinci sai naman ya kumbura, kumburin nan kuwa shi ne maƙoƙo. Saboda haka ne tun 1993 aka wajabta sa aidin cikin gishiri a Nijeriya.

Yawancin maƙoƙo ba ciwon daji ba ne, kuma ba kowane ake yanka ba. Da fari likita ya kan auna jini, ya ɗauki hoton wuya, wani lokaci ya tsotso kaɗan da allura a duba. In ƙarami ne, ba ya damun mai shi, sai a bar shi ana lura. Amma in ya danne hanyar numfashi ko ta abinci, ko ya gangara cikin ƙirji, to, sai aiki.

Aikin iri biyu ne manya. In kumburin gefe guda ya ke, sai a cire wannan ɓarin kaɗai. Sau da yawa ɓarin da ya rage ya kan ishi jiki. In kuwa ya kama duka biyu, sai a cire shi duka, sa'an nan mutum ya riƙa shan ƙwaya kowace safiya muddin ransa, a madadin ruwan nan. Dā akan bar ɗan guntu kowane gefe, amma an ga ya kan sake kumbura, aiki na biyu kuwa ya fi na fari haɗari.

Wani likita, Theodor Kocher, mutumin ƙasar Suwizalan, shi ya gyara wannan aiki har aka ba shi kyautar Nobel a 1909. Duk da haka akwai abin tsoro. Jijiyar murya a bayan naman ta ke, in an taɓa ta murya ta kan dushe. Akwai kuma waɗansu 'yan ƙwayoyin nama huɗu nan kusa, in suka sami rauni sai yatsu da leɓe su riƙa tsirawa kamar ana soka allura, sai an ba da magani.

Gwaggona ɓari guda aka cire mata. Yanzu tana barci lafiya, muryarta kuwa na nan garau.

Roƙona gare ku, 'yan'uwa, in kun ga mai maƙoƙo kada ku bari a kai shi wurin wanzami a tsaga, gama wurin cike ya ke da jijiyoyin jini. Ku nuna masa hanyar asibiti tun abin bai yi girma ba.