Shirin Tafiya Tsibirin Tenerife

Tenerife shi ne mafi girma a cikin tsibiran Kanari, waɗanda ke cikin tekun Atlantika daura da gaɓar kudancin Maroko. Mafi kusa da Afirka a cikinsu bai wuce tazarar kilomita 100 daga gaɓar nahiyar ba, amma a mulki ƙasar Sifaniya ce ke riƙe da su, tun bayan da ta kammala cin Tenerife da yaƙi a 1496 daga hannun Guanche, mutanen asali masu dangantaka da Berber na arewacin Afirka. Saboda haka kuɗinsu yuro ne, harshensu Sifaniyanci, dokar shigarsu kuma dokar Turai. Faɗin tsibirin ya ɗan haura murabba'in kilomita 2,000, abin da kan sa mai kallon taswira ya ɗauka kwana biyu sun isa a gama da shi. Wannan zaton shi ne tushen yawancin kurakuran da baƙi ke yi wajen shiri.

Aikin farko shi ne takarda. Tsibiran suna cikin yankin Schengen, don haka mai fasfo ɗin Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru ko Chadi sai ya nemi biza kafin ya tashi, kuma a ofishin jakadancin Sifaniya zai nema, tunda can ne ainihin inda ya nufa. Bizar gajeren zama tana ba da kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu. Ana iya shigar da buƙata tun saura wata shida a tafi, kuma hankali ya fi kwanciya idan an yi da wuri, domin kwana 15 ɗin da aka ƙayyade na nazari kan miƙe har zuwa 45, samun ranar ganawa ma wani jira ne na daban. Dole fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu marasa hatimi. Ana kuma neman inshorar lafiya wadda ta kai yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da bayanan banki masu nuna matafiyi zai iya kashe sama da yuro 100 a kowace rana. Wanda zai sauka gidan ɗan'uwa ko aboki, mai masaukin ne zai je ofishin 'yan sanda a can ya fitar masa da takardar gayyata ta hukuma. Wasiƙar hannu ba ta wadatarwa.

Akwai dalilin da ya sa ake tsananta wa ɗan Afirka bincike a wannan ƙofa. Tsibiran Kanari su ne ƙarshen hanyar ruwa da matasa ke bi cikin kwalekwale daga Senegal, Muritaniya da Gambiya, hanyar da ta ci rayuka masu ɗimbin yawa. A 2024 kaɗai mutum sama da 46,000 suka iso ta nan, da yawansu a ƙaramin tsibirin El Hierro. Mai biza a hannu ma jami'in shige da fice na iya tambayarsa inda zai kwana da ranar da zai koma, don haka ya kyautu kwafin takardun su kasance a jakar hannu, bugaggu, kada a dogara da wayar da cajinta ka iya ƙarewa a hanya.

Daga Kano, Abuja ko Yamai sai an yi canjin jirgi. Mafi yawa kan bi ta Madrid, inda tafiyar zuwa Tenerife ke ɗaukar kusan awa uku, wasu kuma ta Kasablanka. A nan ne ake bukatar lura, domin tsibirin yana da filin jirgi biyu. Na arewa, wanda ake kira Los Rodeos, yana kusa da babban birni Santa Cruz, kuma shi ya fi karɓar jiragen cikin gida da na tsakanin tsibirai. Yana kan tudu inda gajimare ke sauka ƙasa, kuma a cikin irin wannan hazon ne jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titinsa ranar 27 ga Maris 1977, mutum 583 suka rasu, haɗarin da har yau ba a yi mafi muninsa a tarihin jiragen fasinja ba. Na kudu an buɗe shi a 1978, a yankin da sararin sama ke tarwai kusan kullum, kuma shi ke kusa da manyan otal-otal na Los Cristianos da Costa Adeje. Tsakanin filayen biyu akwai tafiyar kimanin kilomita 60. Wanda ya kama ɗaki a kudu ya sauka a arewa da tsakar dare, kuɗin tasi zai cinye abin da ya rage a farashin tikiti.

Bambancin filayen nan biyu hoton tsibirin ne gaba ɗaya. A tsakiyarsa dutsen Teide ya tashi sama da mita 3,700, mafi tsawo a duk ƙasar Sifaniya. Iskar da ke busowa daga arewa maso gabas tana ɗauko danshin teku, ta ci karo da jikin dutsen, ta zubar da shi a ɓangaren arewa. Shi ya sa arewa take kore shar, da gonakin ayaba a kwarin Orotava da tsohon kurmin Anaga inda ganye ke ɗigar ruwa ko ba a yi ruwan sama ba, kudu kuwa fako ce mai duwatsu da ƙayoyi, rana na dukanta kusan duk shekara. A rana ɗaya mutum na iya barin yayyafi a Puerto de la Cruz, ya ratsa cikin gajimare a mota, ya tarar da ƙanƙara a gindin Teide, ya sauko ya iske mutane suna wanka a bakin tekun kudu. Zaɓen masauki ke nan ya zama babban hukunci a tafiyar. Mai neman rana da ruwa mai natsuwa don yara, kudu ta fi masa, sai dai ya san zai zauna ne a garuruwan da aka gina domin baƙi, inda Ingilishi da Jamusanci suka kusa rinjayar Sifaniyanci. Mai son ganin yadda mutanen wurin ke rayuwa, arewa ta fi cancanta, musamman La Laguna, tsohon birnin jami'a da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, wanda jirgin ƙasa na cikin gari ke haɗa shi da Santa Cruz. Ga mai mako guda, raba kwanakin gida biyu ya fi alfanu a kan zarya kullum bisa babbar hanya.

A bakin teku matsakaicin zafi yana yawo ne tsakanin digiri 18 a hunturu da 25 a tsakiyar shekara, kuma ruwan sama ya fi sauka daga Nuwamba zuwa Maris. Abin da Bature ke kira ɗumi a watan Janairu, wanda ya taso daga Sakkwato ko Damagaram zai ji shi sanyi ne sosai, balle da dare, ga shi gidaje da yawa ba su da na'urar ɗumama ɗaki. Rigar sanyi mai kauri da takalmi rufaffe ba sa zama kayan banza a kowane wata. Ruwan tekun ma yana da sanyi, saboda igiyar da ke gangarowa daga arewa. Akwai kuma yanayin da Bahaushe zai gane tun kafin a yi masa bayani: ƙurar Sahara da suke kira kalima, 'yar'uwar hazon hunturu, wadda ke mayar da sama ja-ja ta kuma ɗaga zafi. A Fabrairun 2020 ta yi tsananin da aka rufe filayen jiragen tsibiran. Mai ciwon asma ya riƙe maganinsa kusa. Farashin masauki yana hawa daga Disamba zuwa Maris, lokacin da mutanen arewacin Turai ke gudun sanyi, ya ƙara hawa a makon bikin Carnival na Santa Cruz, sannan ya sassauta a Mayu da Yuni.

Hawan Teide yana bukatar shiri na kansa. Mota na kaiwa har tashar keken igiya a tsayin mita 2,356, shi kuma ya ɗaga mutum zuwa mita 3,555 cikin kimanin minti takwas. Wannan saurin ne matsalar: jiki bai samu lokacin sabawa da ƙarancin iska ba, sai jiri da ciwon kai su biyo baya. Ba a yarda mai juna biyu, mai ciwon zuciya ko yaro ɗan ƙasa da shekara uku su hau ba, kuma iska mai ƙarfi kan sa a dakatar da aiki ba tare da dogon gargaɗi ba, don haka kada a ajiye wannan ziyara sai ranar ƙarshe. Ragowar hanyar zuwa bakin ramin dutsen sai da izini na musamman, wanda ake nema ta intanet, kuma guraben kan cika tun makonni kafin ranar. Duwatsun tsibiran ba matattu ba ne: na La Palma ya yi aman wuta kwana 85 a 2021, ya binne gidaje da gonaki.

Motar bas a nan sunanta guagua, ana furta shi kamar "gwagwa", kuma kamfanin TITSA mai korayen motoci yana kaiwa kusan kowane gari cikin rahusa. Ƙauyukan tsauni irin su Masca ne ke da ƙarancin zirga-zirga. Hayar mota tana ba da 'yanci, tuƙi a hannun dama ne kamar Najeriya da Nijar, amma sai da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, kuma hanyoyin dutse masu lanƙwasa ba wurin koyo ba ne. Daga tashar Los Cristianos jirgin ruwa na kaiwa La Gomera cikin ƙasa da awa ɗaya, tsibirin da Kolumbus ya yada zango a 1492, inda har yanzu ake koyar da yara yaren fito a makaranta. Wajen sayen tikiti a kula: farashi mai arha da kan fara bayyana na mazauna tsibiran ne, masu rangwamen kashi 75 cikin 100, kuma baƙon da ya saye shi bisa kuskure za a tare shi a bakin shiga.

Batun abinci ya shafi matafiyi Musulmi kai tsaye. Naman alade ya ratsa girkin Sifaniya, har a miya da wake inda ido ba ya ganinsa, don haka ya kamata a haddace kalmomi kaɗan: cerdo, jamón, chorizo, tocino. Mafita mai sauƙi ita ce kifi, wanda yake da yawa kuma sabo, tare da ƙananan dankali da ake dafawa da ɓawonsu cikin ruwan gishiri a ci da yajin mojo, ja ko kore. Akwai gofio, garin soyayyen masara ko alkama da aka gada daga Guanche, wanda ake damawa da madara ko romo. A Santa Cruz da garuruwan kudu ana samun mahautan halal da masallatai na 'yan Maroko da Senegal. Guzurin gida kuwa sai a yi hattara: dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara daga waje, wato kilishi, dambun nama da man shanu duk za a ƙwace su. Tsabar kuɗi da ta kai yuro 10,000 dole a bayyana ta ga kwastan. Abincin rana sai wajen ƙarfe biyu, na dare takwas zuwa tara, ƙananan kantuna da yawa na rufewa da azahar da kuma ranar Lahadi.

Agogon tsibiran yana bayan na Madrid da awa ɗaya. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba ya yi daidai da na Najeriya, sauran watanni kuma daidai da na Gana. Magariba na kaiwa ƙarfe tara a watan Yuni, ta dawo wajen shida a Disamba, abin lura ga mai azumi. Alƙibla gabas ce, da ɗan karkata kaɗan zuwa arewa. Soket ɗin lantarki mai rami biyu zagayayyu ne, irin na Nijar, don haka mai kayan Najeriya ya sayi mahaɗi.

Haɗarin da ya fi kashe baƙi shi ne teku. Atlantika a gaɓar arewa tana da igiya mai ja, kuma tafkunan da ke tsakanin duwatsu, masu kama da wurin wasa, taguwa ɗaya kan share wanda ke tsaye a bakinsu. Jar tuta na nufin kada a shiga, rawaya a yi hankali, koriya babu laifi. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda akwai masu ceto, kamar Las Teresitas kusa da Santa Cruz, wadda aka yi wa shinge daga igiya aka kuma shimfiɗa mata yashin da aka kwaso daga Sahara a 1973. Lambar gaggawa 112 ce, kyauta daga kowace waya. Sata ta fi faruwa a motocin haya da aka ajiye a wuraren kallo da jaka a kan kujera.

Mutanen tsibiran, da ba su wuce miliyan 2 da 'yan kai ba, suna karɓar baƙi sama da miliyan 15 a shekara, kuma nauyin ya fara isarsu. A Afrilun 2024 dubban mutane suka fito zanga-zanga kan tsadar haya da ƙarancin ruwa, domin gidajen da 'ya'yansu za su zauna an mayar da su masaukin kwana-kwana, ruwan da ake sha kuma wani kaso nasa daga teku ake tace shi da tsada. Kokensu yana da tushe. Gidan haya na halal yana da lambar rajista da alamar VV a ƙofa, kuma ya dace a tambayi lambar kafin a biya kuɗi, saboda ita ce kuma kariya daga masu tallar gidajen bogi a intanet. A wuraren da aka killace, kamar filin Teide, doka ta hana ɗaukar dutse ko barin hanyar da aka shata, kuma masu gadin wurin suna cin tara.