Kwandon Tumatir, Ƙwaryar Burkutu da Siyasar Ƙaramar Hukuma

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu ɗalibai, in ana hirar siyasa, Abuja muke hange ko gidan gwamna, ba mu cika waiwayar ƙaramar hukuma ba. Alhali kuwa ita ce gwamnatin da ta fi kusa da tukunyar miyarmu. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna yadda abubuwa biyu da ake ganin ba su da dangantaka, wato cefanen kayan gwari da sana'ar giyar gida, suke haɗuwa a teburin shugaban ƙaramar hukuma.

Abin da Doka ta Tanada

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora masu alhakin kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da kula da su. A cikin wannan jadawali kuma aka ba su ikon bayar da lasisin sayar da giya da sa ido a kansa. Kafin nan, dokar soja mai lamba 21 ta 1998 ta lissafa kuɗin rumfa da na tasha da na lasisin giya cikin harajin da ƙaramar hukuma ke karɓa. Ke nan mai kasa tattasai da mai dafa burkutu duk ofishi ɗaya ne ke yanka masu rasit.

Kayan Gwari

Mu ɗauki kasuwar Mile 12 da ke yankin Kosofe a Legas. Tumatir da albasa da attarugu sukan taso daga wurare irin su Kadawa ta jihar Kano da Jos, su yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a bayan mota. Duk shingen da aka tsayar da direba aka karɓi kuɗi, da kuɗin sauke kaya, da la'adar dillali, a kan kwando ake ɗora su, mai cefane ne kuma zai biya a ƙarshe. Ga shi tumatir ba ya jira. In mota ta kwana a hanya, rabin kaya ya ruɓe.

Saboda haka duk wata hatsaniya ta siyasa nan take ake jin ta a miya. A watan Maris na 2016 rikici ya ɓarke a Mile 12, gwamnatin Akinwunmi Ambode ta rufe kasuwar na ɗan lokaci. A Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Sasa a Ibadan, ƙungiyar fataken abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, farashi ya yi tashin gwauron zabi a Legas, a Arewa kuwa tumatir ya rasa mai saye. A Oktoban 2023 ma an sake rufe Mile 12 saboda ƙazanta. Abin lura shi ne, a waɗannan rufe-rufen gwamnatin jiha ce ta yi magana, ba a ji ɗuriyar ƙaramar hukuma ba.

Giyar Gida

Burkutu da fito tsofaffin sana'o'i ne na mata a Filato da Binuwai da kudancin Kaduna. Akan jiƙa dawa har ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, sannan a bar ta ta tashi. Ba ta jure ajiya, shi ya sa cinikinta ya fi ƙarfi ranar kasuwa. Gidan burkutu kuma majalisa ne, 'yan takarar kansila sun san da haka. A 'yan shekarun nan an sami ƙananan masana'antun giya na zamani, kamar Bature Brewery da ta fara a Abuja kafin ta kafu a Legas, wasu har da kayan gida kamar zoɓo suke sarrafawa.

Addinin Musulunci ya haramta giya, kuma tun 2000 jihohin da suka ƙaddamar da shari'a, Zamfara a gaba, suka hana sayar da ita. A inda ba a hana ba kuwa, tambayar ita ce: wa ke duba tsabtar ruwan da ake dafa ta? Wa ke hana sayar wa yara? Sau da yawa mai karɓar haraji yakan zo, amma duba-gari ba ya zuwa.

Ina Gizo ke Saƙa?

Shekaru da dama kuɗin ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke juyawa. Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓensu, jam'iyyar gwamna kuma takan cinye kusan duk kujerun. Shugaban da ya san gwamna ne ya ɗora shi, ba 'yan kasuwa ba, ina ruwansa da magudanar da ta toshe? Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo.

Kammalawa

Hukuncin kotu kaɗai ba zai share kasuwa ba. Masu iya magana sun ce, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ya kamata mai karatu ya san sunan kansilansa, ya nemi rasit duk lokacin da ya biya haraji, ya kuma fito ranar zaɓen ƙaramar hukuma kamar yadda yake fitowa ranar na shugaban ƙasa.