Darasi daga JAMB: Ingancin manhaja tun daga tsari yake farawa

A ranar 14 ga Mayu, 2025, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya nemi afuwa kan tangarɗar na'ura da ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas. Ala tilas aka sake musu jarrabawar.

Hukumar ta bayyana cewa an yi wa manhajar jarrabawar gyara, amma gyaran bai hau kan wasu manyan kwamfutocin da ke karɓar amsoshi ba.

Irin wannan ɓaraka ce tsarin tabbatar da inganci ke toshewa. Tun kafin a fara aiki ake rubuta ma'aunin da za a karɓe shi da shi, a kuma ware kuɗi da lokacin gwaji. Kowane gyara sai an gwada shi a kan dukkan na'urorin da zai shafa, sannan wani jami'i daban ya tabbatar ya sa hannu. Ana kuma tanadar hanyar komawa tsohuwar manhaja idan sabuwar ta gaza.

Kuskuren da aka gano a ɗakin gwaji, injiniya ne ke gyara shi cikin sauƙi. Wanda ya kai ranar jarrabawa kuwa, ɗalibi ne ke ɗanɗana kuɗarsa.