Gishirin kasuwar Tawa da ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki

Duk ranar Lahadi gishiri yakan sauka kasuwar Tawa buhu-buhu, daga nan ya bi motocin Keita, Buza da ƙauyukan arewacin Adar. Mai saye yakan duba farinsa da tsadarsa. Kaɗan ne ke tambaya ko an zuba masa iyod, alhali basirar ƴaƴansu tana rataye da amsar.

A gaban wuyan mutum akwai wata ƴar tsoka da likitoci ke kira tiroyid. Da iyod take sarrafa wani sinadari da jini ke kaiwa ko'ina cikin jiki. A shekarar 1986 masu bincike a Amurka da Turai suka gano furotin ɗin da ke karɓar wannan sinadari. Yana zaune a kan ƙwayoyin gado kamar mai gadin rumbu: in sinadarin ya iso sai ya buɗe su, in bai iso ba ya bar su a kulle. Waɗannan ƙwayoyin ne ke nuna wa jijiyoyin ƙwaƙwalwar tayi inda za su zauna, da yadda za su haɗu da juna. An ma ga cewa mutanen da suka gaji furotin ɗin da tawaya sukan fi fama da rashin natsuwa da wahalar karatu.

A watannin farko na ciki, tayi daga uwa yake samun sinadarin. In ta rasa iyod, yaro na iya zuwa da raunin fahimta, kurumta ko tsumburewa, kuma maganin baya ba ya gyara ɓarnar duka. Maƙoƙo, wanda mutanen Adar suka daɗe da sani, alama ce ta wannan rashi. Yankin yana nesa da teku, kuma gero yana ɗauke da wasu sinadarai masu rage aikin tiroyid.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙayyade mikrogram 150 a rana ga babba, 250 ga mai juna biyu. A 1994 ita da UNICEF suka nemi a zuba iyod cikin duk gishirin ci. Gishirin gargajiya irin na Bilma ba ya samun wannan ƙari, kuma wanda aka zuba wa iyod yakan yi asararsa in ya daɗe a rana da buhu buɗe.

Don haka ya kamata ɗan kasuwa ya duba rubutun buhu kafin ya biya, ya ajiye shi a inuwa. Jami'an duwan da na kiwon lafiya kuwa su riƙa gwada gishirin tun daga kan iyaka har rumfar mai awo.